Zuciyar Kwaɗo: Ɗaki Uku Mai Aikin Huɗu

Ɗakuna huɗu ne a zuciyar ɗan Adam, da katanga a tsakiya mai raba jinin da ya sha iska a huhu da wanda ya gama zagaya jiki. Ta kwaɗo uku gare ta: biyu a sama masu karɓar jini, ɗaya a ƙasa mai tura shi. Jini iri biyun duk a ɗakin ƙasan suke haɗuwa, amma ba sa gaurayuwa sosai.

Sirrin yana cikin ginin ɗakin. Bangonsa kamar soso yake, cike da ƙananan ramuka masu riƙe kowane jini a gefen da ya shigo. Da zuciyar ta matse, jinin sai ya bi wani bututu mai murɗaɗɗen tantani a ciki, wanda ke karkata mai iska zuwa kai da gaɓoɓi, maras iska kuma zuwa huhu da fata. In kwaɗo ya nutse, jinin da ke zuwa huhu ya ragu, fata ta ci gaba da tsotso iska daga ruwa. Darasi ke nan ga mai ƙera famfo: siffar hanya kaɗai tana iya raba ruwa biyu, ba sai an ƙara sassa masu lalacewa ba.

Zuciyar kwaɗo kuma ga ta da juriya: ko an ciro ta, takan yi sa'o'i tana bugawa. A 1883 likita Sydney Ringer na Landan ya nuna cewa sai da sinadarin kalsiyam a ruwan da aka jiƙa ta take ɗorewa. Daga aikinsa aka samo ruwan Ringer, wanda har yau ake ƙara wa majinyata a asibiti.

A 2020 masana na jami'o'in Vermont da Tufts a Amurka suka ɗebi ƙwayoyin fata da na zuciya daga ɗan tayin wani kwaɗon Afirka, Xenopus. Kwamfuta ta zana siffa, su kuma suka haɗa ƙwayoyin da hannu, aka sami 'yar na'ura mai rai da ba ta kai milimita ɗaya ba. Ƙwayoyin zuciyar ne injinta: suna matsewa, tana rarrafe, tana tura ƙananan ɓarɓashi. In an yanke ta takan warke da kanta, bayan kamar mako guda kuma ta mutu ta ruɓe ba tare da ta bar dagwalon roba ko ƙarfe ba.