Tsakanin Taurari da Kwamfuta

Tamanraset birni ne a kudancin ƙasar Aljeriya, a tsakiyar hamadar Sahara. Wanda ya taso daga Agadas cikin mota sai ya bi ta Arlit, ya wuce Asamaka, ya tsallaka iyaka zuwa In Gezam. Daga nan akwai sauran tafiyar kilomita kamar 400. Birnin yana kan tudu, cikin duwatsun Ahaggar, saboda haka zafinsa bai kai na Agadas ba. Ƙasar Abzinawa ce tun kaka da kakanni, amma a kasuwa ana jin Larabci, ana kuma jin Hausa, domin mutanen Nijar da yawa suna zaune can, suna ɗinki, suna gini, suna saye da sayarwa.

A ce akwai wata yarinya a wannan birni, ɗiyar wani tela mutumin Maradi. Tana ajin ƙarshe na firamare, kuma ta fi kowa lissafi. Da dare in an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ba ta gajiya da kallon sama. Da rana kuwa takan ɗauki wayar yayanta, tana mamakin yadda ɗan ƙaramin abu haka ya san hanya, ya san ƙidaya. Ran nan malam ya tambayi kowa aikin da yake so in ya girma. Ita sai ta kasa amsawa. Masaniyar taurari za ta zama, ko mai tsara wa kwamfuta aiki? Mahaifinta kuwa tambaya ɗaya gare shi: wanne ne ake cin tuwo da shi? Tambayarsa ba ta banza ba ce, tun da shi ke sayen littafi da alƙalami.

Ba abin mamaki ba ne ɗan Tamanraset ya so taurari. Iskar wurin busasshiya ce, gajimare kaɗan ne, kuma da an fita bayan gari babu fitilar da za ta kashe hasken sama. Kilomita kamar 80 daga birnin akwai wani dutse da ake kira Asekrem, tsayinsa ya wuce mita 2,700. Da dare sanyi yana ratsa ƙashi a can, amma taurari suna fitowa fes, har mutum ya ga kamar ya miƙa hannu ya tsinko. Tun kafin a yi taswira ko mota, madugan ayari da taurari suke gane hanya. Abzinawa suna da wani gungun taurari da suke kira Amanar, wato ja-gora, da wani da suke kira Taguwa. Gungun nan da Hausawa ke ce wa Kaza da Ƴaƴanta, su Ƴan Matan Dare suke ce masa. Zara kuma, wadda ake ce wa matar wata, ba tauraruwa ba ce ta sosai. Duniya ce kamar tamu, tana kewaya rana, hasken rana ne ke haska ta.

Ilimin da ke binciken waɗannan abubuwa shi ne ilimin falaki. Kada a haɗa shi da aikin masu duba, waɗanda ke cewa tauraron wane ya yi kyau ko ya ɓaci. Masanin falaki awo yake yi. Shi ne ya gano cewa tsakanin duniya da rana akwai kilomita kamar miliyan 150, kuma hasken rana yakan yi minti 8 a hanya kafin ya iso mu. Shi ne ke faɗin ranar da za a yi husufi tun da sauran shekaru, kuma a yi shi a ranar.

A Tamanraset kanta akwai gidan awo da aka buɗe a 1932. Yawancin aikinsa auna maganaɗisun ƙasa ne da girgizar ƙasa. Yana ƙarƙashin wata cibiyar bincike mai suna CRAAG, wadda aka kafa a 1985. Hedkwatarta tana Buzariya, wani tudu a birnin Alje, inda tun 1890 akwai gidan duban taurari. Masanan cibiyar sukan yi lissafin tsayuwar jinjirin wata gab da azumi da salla. Wanda ya leƙa irin waɗannan wurare yana tsammanin ganin tsoho ya manna ido a madubin hangen nesa, zai sha mamaki. Na'urori ne ke awo dare da rana, mutane kuwa suna zaune gaban kwamfuta suna karanta lambobi.

Hanyar zama masanin falaki doguwa ce. Bayan firamare akwai kolej da lise, shekara 7, har a ci bakaloriya ta fannin lissafi ko kimiyya. Sa'an nan jami'a: shekara 3 na lisans, 2 na masta, aƙalla 3 na digirin dokta. Shekara 15 ke nan in ba a maimaita aji ba. Bayan duk wannan, wuraren aikin kaɗan ne: jami'o'i da cibiyoyin bincike, kuma sau da yawa sai mutum ya bar garinsu, wani lokaci ma ƙasarsu. Manyan madubai suna nesa, a Afirka ta Kudu, a Chile, a Hawai. Gaskiya ce mai ɗaci, amma gara yaro ya ji ta tun da wuri.

To, mai tsara wa kwamfuta aiki fa, me yake yi? Kwamfuta tana da sauri ƙwarai, amma ba ta da wayo ko kaɗan. Abin da aka rubuta mata kawai take bi, ɗaya bayan ɗaya. A ce ana so ta dafa shayi irin na Abzinawa. Sai a rubuta mata: hura gawayi, zuba ruwa a buta, sa ganyen shayi, ɗora a wuta, in ya tafasa sauke, sa sukari, zuba a kofi, maimaita sau uku. In mai rubutun ya manta da "in ya tafasa sauke", za ta bar butar a wuta har ta ƙone, ba za ta ce uffan ba. Irin wannan jerin umurni shi ake kira manhaja. Akwai harsuna na musamman da ake rubuta shi da su. Ɗaya sunansa Python, ya fito a 1991. Wani kuma, Scratch, don yara aka yi shi a 2007, ana jera umurninsa kamar tubali. Rabin aikin neman kuskure ne. Waƙafi ɗaya in ya ɓata, sai mutum ya yini yana nemansa, saboda haka mai gajen haƙuri ba ya daɗewa a sana'ar.

A nan amsar tela tana da sauƙi. Banki, asibiti, kamfanin waya, ofishin kwastan a bakin iyaka, duk suna aiki da manhaja. Shekara 3 bayan bakaloriya sun isa a fara neman aiki, ko da yake babbar makarantar kwamfuta ta Alje, wadda ake kira ESI, shekara 5 ake yi a cikinta. Sai dai sana'a ce mai saurin sauyawa. Yanzu ma akwai manhajojin da ke iya rubuta ƙananan manhajoji da kansu, don haka wanda ya tsaya a kan abin da ya koya a makaranta, ba da jimawa ba za a wuce shi.

Abin da yarinyar ba ta sani ba shi ne, hanyoyin nan biyu sun daɗe da haɗuwa. Wajen shekara ta 820, a birnin Bagadaza, an yi wani malami mai suna Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi. Ya rubuta jadawalin tafiyar rana da wata da taurari. Ya kuma rubuta littafin da ke koya yin lissafi mataki mataki da lambobin Indiya, irin waɗanda ake rubutawa a allon aji yau. Da Turawa suka juya littafin zuwa harshen Latin, sai sunansa ya lanƙwashe a bakinsu ya zama "algoritim". Har yau da wannan kalma masu kwamfuta a duniya duka suke kiran jerin matakan warware matsala. Ashe sunan masanin taurari suke ambata kullum.

A zamaninmu kuma, ranar 10 ga Afrilu 2019, aka nuna wa duniya hoton farko na baƙin rami, wato wani wuri a sararin samaniya mai tsananin jan abu, wanda ko haske ba ya kuɓuce masa. Babu madubi ɗaya da ya isa ya ɗauki hoton. Madubai 8 aka haɗa, a wurare masu nisa da juna. Lambobin da suka tara sun yi yawan da intanet ba ta iya ɗauka, sai da aka loda faya-fayai a jirgin sama. Masana fiye da 200 suka yi aikin, kuma manhajar da wasunsu suka rubuta ce ta harhaɗa lambobin suka zama hoto.

Akwai ma ɗan Sahel da ya taka hanyoyin biyu. Shek Modibo Diyara, wanda aka haifa a Niyoro ta ƙasar Mali a 1952, ya yi aiki a NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka. Yana cikin waɗanda suka yi aikin kumbon da ya sauka a duniyar Mars a 1997. A 2006 kuma kamfanin Microsoft ya ɗora shi a kan harkokinsa na Afirka.

Masanin falaki na yau dole ya iya rubuta manhaja. In bai sami gurbi a gidan duban taurari ba, wannan iyawa takan ba shi aiki a wani wuri. Wanda ya karanta kwamfuta zalla kuwa, komawa falaki yana yi masa wuya, sai ya koyi kimiyyar fizik tukuna. Amma hukumomin sararin samaniya suna ɗaukar irinsa. Aljeriya ta harba tauraronta na ɗan adam na farko, Alsat-1, a 2002, Nijeriya ta harba nata a 2003, kuma hotunan da suka aiko da manhaja aka karanta su.

Ɗiyar tela ba sai ta yanke shawara bana ba. Har bakaloriya, darussan hanyoyin biyu ɗaya ne: lissafi, kimiyya, Faransanci, da Ingilishi, wanda da shi ake rubuta yawancin littattafan fannonin biyu. Rabuwar hanya tana ƙofar jami'a, shekara 7 nan gaba. Kafin nan tana iya samun ɗan littafi, kowane dare bayan sallar isha'i ta zana siffar wata da wurin da yake, ta rubuta kwanan wata a gefe. Bayan kwana 29 ko 30 za ta ga zanen ya koma inda ya fara.

Tambayoyi

1. Me ya sa taurari suke fitowa sosai a Asekrem?
2. Daga sunan wa aka samo kalmar "algoritim"?
3. Rubuta wa kwamfuta umurnin dama fura, mataki mataki. Ba wa maƙwabcinka ya nemo abin da ka manta.