Da Wane Baki Mutum-Kura Zai Yi Magana?

Masu ƙagaggun labaran kimiyya sun daɗe suna haɗa mutum da dabba a jiki ɗaya. Tun 1896 H. G. Wells na Ingila ya rubuta The Island of Doctor Moreau, inda wani likita ke yi wa dabbobi fiɗa yana mai da su kamar mutane, har su yi magana. A finafinai kuwa sai a ɗora wa mutum kan zaki ko na kura, ya buɗe baki yana zuba zance tiryan-tiryan kamar mai karanta labarai a rediyo. Wannan bai taɓa kwanta mini ba. Tsofaffinmu sun fi su lura, don ko Gizo da suka ba magana a tatsuniya da tsamin baki suka ba shi, sarki ya koma "shayki".

Ka dubi kura da kyau ran da gardawa suka shigo da ita gari. Bakin dogo ne, tsagagge, muƙamuƙin na fasa ƙashi ne, leɓen ba ya tsukewa irin namu. Yaya za a yi b da ɓ da m su fito a nan? Balle ƙ da ts, masu son a toshe maƙogwaro a matso iska. Ko wasu dabbobin ma da ƙyar suke yi. A Amurka, daga 1947, wasu ma'aurata sun reni biranya mai suna Viki kamar 'yarsu, har da hannu suke lanƙwasa mata leɓe, amma kalmomi huɗu kacal ta iya. Koshik, wani toron giwa a Koriya ta Kudu, sai ya cusa hanci a baki yake kwaikwayon kalmomi biyar, kuma wasulansa sun fi baƙaƙen fita.

To amma je ka rumfar mahauta a Kazaure ko Gwiwa ranar da mai kalangu ya zo. Kalangu ba leɓe, ba harshe. Makaɗin na matse tsirkiya a hammata, murya ta hau, ya saki ta sauka, nan take Sarkin Fawa ya ji takensa, ya sa hannu aljihu. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsayin wasali, kuma su kalangu ke ɗauka. Mutum-kura, in har ƙwaƙwalwarsa ta mutum ce, haka zai yi da gurnani da kukan nan na kura mai hawa sama: ya zubar da rabin baƙaƙe, ya riƙe karin.

Sai dai ana gane kalangu ne don an riga an san taken. Saboda haka in halittar nan ta sauko daga duwatsun Roni, za ta iya sallama, ta yi kirari, ta roƙi abinci, a gane. Cinikin akuya a kasuwar Babura kam sai da tafinta, in ma mai akuyar ya yarda ya tsaya.