Kuɗin da ake karɓa a bodar Jibiya, ina suke shiga?

Duk lokacin da aka rufe iyaka, kai ne na farko a Facebook da TikTok wajen kokawa. An rufe a watan Agustan 2019, ba a buɗe bodar Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 aka sake garƙame ta, sai a Maris 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗewa. To, ga tambayar da ba kasafai muke yi ba: idan boda tana buɗe, kuɗin da ake karɓa a wurin ina suke tafiya?

A Magama, kafin ka tsallaka Ɗan Isa a hanyar Maraɗi, akwai kwastam, jami'an shige da fice, NDLEA da masu duba lafiyar dabbobi da tsirrai. Kowace hukuma tana da albashi, man mota, alawus da kuɗin gudanar da ofis, duk daga baitulmali. Hukumar Kwastam ta ce ta tara sama da naira tiriliyan 6 a 2024. Shekaru da dama tana cire kashi 7 cikin 100 na harajin da ta tara a matsayin kuɗin aiki. Dokarta ta 2023 kuma ta tanadi kashi 4 cikin 100 na darajar kayan da aka shigo da su. Ka ga ke nan, ɗan kasuwa ne zai biya, shi kuma ya ɗora a kan farashin da kai za ka saya.

A takarda dai an yi tsari. Tun 2015 aka tilasta wa hukumomin tarayya zuba kuɗin shiga a asusun bai-ɗaya, wato TSA, da ke Babban Bankin Najeriya. Akwai tsarin biyan albashi na IPPIS da aka fara a 2007 don kama ma'aikatan bogi. Sashe na 85 na kundin tsarin mulki kuma ya ɗora wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya alhakin bin diddigin asusun hukumomi, ya miƙa rahoto ga Majalisar Tarayya.

Amma fa kwamfuta abin da aka shigar mata kawai take gani. 'Yar ɗari biyar ɗin da direba ke miƙawa ta taga a shingayen hanyar Katsina zuwa Jibiya, ba rasit, ba ta zuwa TSA. Mai bincike ba zai taɓa ganinta a littafi ba. Kai kuwa za ka gan ta, a kuɗin mota da na mudun gero.

To me za ka iya yi da wannan wayar ta hannunka? Na farko, duk kuɗin da aka ce na gwamnati ne, ka nemi rasit. Na biyu, tun Disamban 2019 akwai shafin Open Treasury, inda aka umarci ma'aikatu su riƙa wallafa duk biyan da ya haura naira miliyan 5. Shiga ka duba. Na uku, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka ikon rubuta wa hukumar tarayya wasiƙa ka tambayi yadda ta kashe kuɗi, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai.

Wannan ba zagin ma'aikata ba ne. Yawancinsu 'yan uwanmu ne, suna aiki a yankin da 'yan bindiga suka addaba, kuma su ma idan aka karkatar da kuɗin mai da alawus, su ke kwana a daji da motar da ba ta tashi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kafin ka yi sharhi na gaba a kan boda, ɗan'uwa, 'yar'uwa, samo adadi guda ɗaya tak mai tushe, ka saka shi, sannan ka tambayi ɗan majalisarka ko ya karanta rahoton mai binciken kuɗi.