Yadda ake ɗaura ƙwaron bogi don kama kifin tirawut

A kogunan Amurka masu sanyi akwai ƙananan ƙwari masu kama da sauro, sai dai ba sa cizo. Tsutsarsu na zaune a cikin laka a ƙasan ruwa. Idan ta kusa fitar da fukafuki, sai ta taso sama a hankali, iska ta taru a ƙarƙashin fatarta, jikinta yana ƙyalli. A wannan lokacin ba ta da ƙarfin gudu, shi ya sa tirawut ke cinye ta da yawa, musamman a lokacin hunturu da sauran ƙwari ke ƙaranci.

Masu fatsa suna kwaikwayon wannan halitta da zare da waya. Ɗaya daga cikin ƙwarin bogin da suka fi shahara shi ne Zebra Midge, wanda Ted Welling ya ƙirƙira a Lees Ferry da ke kan Kogin Kolorado a jihar Arizona.

Don ɗaura shi, ana zura ɗan ƙaramin dutsen ado mai launin azurfa a ƙugiya mai lamba 18 ko 20, wadda ba ta kai tsawon farce ba. Sai a naɗa baƙin zare a jikinta, siriri daga baya, ya ɗan yi kauri wajen kai. Daga nan a zagaya siririyar waya a kansa, a bar tazara daidai, don ta fito da gaɓoɓin tsutsar da ƙyallinta. A ƙulle zaren a bayan dutsen, a ɗiga gam.

Wurin da ya fi buƙatar kulawa shi ne kaurin jikin. Da zarar zare ya yi yawa, kifin zai duba ya wuce abinsa.