Yadda Ake Hasashen Zaizayar Kumfa a Injinan Lantarki na Madatsun Ruwa

Madatsun Kainji (1968), Jebba (1985) da Shiroro (1990) suna samar da lantarki ne ta hanyar sako ruwa ya juya farfelar inji. Wani abin da ke cinye irin wannan farfela shi ne zaizayar kumfa.

Ruwa yakan tafasa a digiri 100, amma idan matsi ya ragu ƙwarai, ko ruwan sanyi sai ya koma tururi. Haka ke faruwa a bayan fikafikan farfela, inda ruwa ke gudu da sauri. Ƙananan kumfa sukan taso, da zarar sun isa inda matsi ya ƙaru sai su rushe, su daki ƙarfe. A hankali ƙarfen ya yi ramuka, ƙarfin injin ya ragu, har a tsayar da shi don walda. Lord Rayleigh ya yi lissafin rushewar kumfa tun 1917.

Injiniyoyi na hasashen matsalar ta hanyoyi huɗu. Na farko, lambar Thoma, sunan wani masani Bajamushe: tana kwatanta rarar matsi a mafitar inji da tsawon gangarowar ruwa. Idan lambar ta yi ƙasa, haɗari ya ƙaru. Na biyu, a ƙera ƙaramin samfuri, a shafa masa fenti, a duba inda ya ɓare. Na uku, kwaikwayon gudun ruwa a kwamfuta. Na huɗu, na'urorin sauraren ƙara da girgiza.

Amfanin hasashen shi ne a tsara gyara kafin inji ya tsaya, gari ya shiga duhu.