Idan Naira ta Faɗi, Ɗan Barto Yakan Ji a Jika

Ɗan Barto gari ne na kan iyaka a yankin Matamaye, jihar Damagaram. Tsallaka shinge kawai ya raba shi da Kwangwalam ta ƙaramar hukumar Mai'aduwa a Katsina, kuma ta nan babbar hanyar Kano zuwa Daura take wucewa zuwa Zinder. Kuɗi iri biyu ke yawo a kasuwar garin, sefa da naira. Kafin a taya rago ko buhun wake, sai an tambayi 'yan canji nawa jikar sefa take yau.

Kuɗaɗen biyu ba halinsu ɗaya ba. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro guda a kan sefa 655.957. Ita kuwa naira, ƙarfinta yana bin dalar da Najeriya ke samu daga ɗanyen mai. Da farashin ganga ya rikito daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, dala ta yi ƙaranci, naira ta karye a watan Yunin shekarar. Ta sake zubewa bayan Yunin 2023, lokacin da gwamnatin Bola Tinubu ta sakar mata mara: dalar da ake saye a kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024.

Makiyayi ne kan fara ɗanɗana kuɗarsa. Yakan kora shanunsa kasuwar Mai'aduwa, dillali ya ƙirga masa naira dami-dami, ya koma wajen ɗan canji ya tarar abin da zai shigo da shi gida bai kai kuɗin dusa da harawar da ya kashe ba. Haka mai wake, haka mai rake. Ɗan cirani da ke ga-ruwa ko gadi a Kano yana aiko da adadin da ya saba, amma in an juya shi sefa sai ya tsuke. Mai riƙe da sefa kuwa kakarsa ta yanke saƙa, domin masara, atamfa da robobin Kano sun yi masa araha.

An taɓa ganin akasin haka. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, dabbobin Nijar suka yi wa fataken Najeriya sauƙi, magani da kayan waje suka yi tsada a Damagaram.

Rufe iyaka yakan ƙara wa ciwon gishiri. Najeriya ta garƙame iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A farkon 2023 canjin takardun naira 200, 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, wanda ya fi cutar da mutanen karkara da ba su da asusun banki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, takunkumin ECOWAS ya tsayar da manyan motoci, ba a kuma ɗage shi ba sai a Fabrairun 2024. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya riga ya tsadar da man da ake sayarwa a kwalabe bakin titi, kuɗin mota ya tashi.

Duk waɗannan matakai a Abuja, Yamai da Dakar aka yanke su, amma asararsu kan talakan kan iyaka take sauka, mutumin da ribarsa ta shekara ke iya narkewa tsakanin ranar da ya sayar da sa da ranar da ya yi canji.