Yadda ake rarraba babban rumbun saƙonnin imel a kai shi wata kwamfuta ba tare da asara ba

Idan takardar sauyin wurin aiki ta fito, ma'aikaci kan kwashe abin da ke kan teburinsa cikin sa'a guda, ya miƙa makullan ofis da fayilolin takarda ga wanda zai gaje shi. Abin da kan tsayar da shi kwanaki shi ne saƙonnin imel na shekara bakwai ko goma da suka taru a kwamfutar ofis: amincewar da darakta ya bayar a rubuce, takardun kwangila, muhawarar da aka yi da ɗan kwangila kan farashi. Ɗan kasuwar da ke shigo da kaya daga Guanzu ko Dubai zuwa Kantin Kwari shi ma haka yake. Rasitai da takardun jirgin ruwa da alƙawuran da masu kaya suka yi masa duk suna cikin imel, kuma ranar da rigima ta tashi kan kwantena, su ne shaidarsa.

Matsalar ita ce duk waɗannan saƙonni sukan dunƙule a cikin fayil guda ɗaya mai girman gigabait 10 ko 20 ko fiye. A ce za a tura shi ta imel, ya ƙi tafiya. A ce za a kwafe shi a filashi, kwamfuta ta ce ya yi girma, alhali filashin babu komai a cikinsa.

Manhajar Outlook ta kamfanin Microsoft, wadda ofisoshi da yawa ke amfani da ita, tana ajiye saƙonni da abin da aka maƙala musu da sunayen abokan hulɗa da kalanda a cikin fayil mai ƙarshen suna PST. Tsofaffin Outlook, daga na 1997 zuwa na 2002, ba sa ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 2, kuma idan ya kai bakin wannan iyaka yakan lalace. Outlook na 2003 da na 2007 sun ɗaga iyakar zuwa gigabait 20, daga na 2010 kuma ta koma 50. Sai dai tun kafin a kai can fayil yakan fara nauyi, bincike ya riƙa jan ƙafa, manhajar ta riƙa tsayawa cak. Mafi muni, fayil ɗaya ne: idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu ya samu matsala, aikin shekara goma ne gaba ɗaya ke cikin haɗari.

Hanyoyin da za a bi da shi kuwa kowace tana da ƙofarta mai ƙunci. Gmail ba ya barin a maƙala abin da ya wuce megabait 25 a saƙo ɗaya, Yahoo ma haka. A zahiri ma abin bai kai haka ba a wurare da dama, domin tsarin da imel ke bi wajen ɗaukar fayil yana ƙara masa kusan kashi ɗaya bisa uku na girmansa. Wanda ya nace sai ya tura rumbu mai gigabait 12 ta wannan hanya, zai yanka shi gida kusan 500 ko fiye, ya tura ɗaya bayan ɗaya. WhatsApp yana karɓar fayil har gigabait 2. Filashi kuma, da yawansu suna fitowa daga masana'anta da tsohon tsarin da ake kira FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da filashin mai gigabait 32 ne. Wannan shi ne dalilin saƙon nan mai ruɗarwa na cewa fayil ya yi girma a filashin da babu komai a ciki.

Rarrabawa iri biyu ce

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin abubuwa biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. Akwai rarraba saƙonnin kansu, akwai kuma yanka fayil.

Na farko kamar mai shago ne da ya raba littafin bashi zuwa littattafai na shekara-shekara. Kowane littafi cikakke ne, ana iya buɗe shi a karanta ko da sauran ba sa kusa. A Outlook ana yin haka ta hanyar buɗe sabon fayil na PST, a sa masa suna kamar "2019", sannan a kwashe saƙonnin wannan shekara a zuba a ciki. Ana iya jan su da hannu, ko a yi amfani da sashen da ke kwashe tsofaffin saƙonni, wanda a Outlook na 2016 zuwa sama aka rubuta masa "Clean Up Old Items". Dabarar ita ce a fara daga shekara mafi tsufa: a ce wa manhajar ta kwashe duk abin da ya riga 1 ga Janairun 2018 zuwa fayil na farko, sannan abin da ya riga 1 ga Janairun 2019 zuwa na biyu, haka har a iso bana. Wanda aikinsa ya fi karkata ga kwangiloli ko abokan ciniki yana iya rarrabawa bisa sunayensu maimakon shekara.

Akwai abubuwa biyu da kan ɗaure wa mutum kai a wannan aiki. Wani lokaci sai a tarar wasu tsofaffin saƙonni sun ƙi tafiya, saboda Outlook yakan duba ranar da aka taɓa saƙo na ƙarshe ne, ba lallai ranar da ya shigo ba. Saƙon 2016 da aka shigo da shi daga wata kwamfuta a bara, a wurinsa sabo ne. Irin waɗannan sai a kwashe su da hannu. Na biyu, bayan an kwashe rabin saƙonni, girman babban fayil ɗin ba ya raguwa nan take. Gurbin da suka bari yana nan fanko a ciki, sai an shiga saitin fayil ɗin an danna "Compact Now" kafin ya tsuke, kuma hakan na iya cin sa'o'i, don haka ba aikin da za a fara ba ne idan babu tabbacin wuta ko batirin kwamfuta.

Na biyu, wato yanka fayil, ya fi kama da injin niƙa da aka warware domin ya shiga mota. Kowane ɓangare shi kaɗai ba ya aikin komai, sai an haɗa su duka a inda aka kai su. Manhajar 7-Zip, wadda kyauta ce, tana yin wannan. Ana zaɓar fayil, a buɗe akwatin matse shi, a wurin da aka rubuta "Split to volumes" a sa girman da ake so. Wanda ya rubuta 3900m zai samu gutsattsari da kowane zai shiga filashi mai FAT32. Wanda ya rubuta 1900m zai samu waɗanda ba su kai gigabait 2 ba. Za su fito da lambobi a ƙarshen sunansu: 001, 002, 003. Mai karɓa zai tara su a folda ɗaya, ya buɗe na 001 kaɗai, manhajar ta nemo sauran da kanta. Idan guda ɗaya ya ɓace, ko ya iso a gurgunce, ko wani ya sauya masa suna don ya gyara, ba za a samu cikakken fayil ba. Kada kuma a sa rai matsewar za ta rage girman sosai: galibin nauyin rumbun imel hotuna ne da takardun PDF da aka yi wa sikanin, waɗanda dama a matse suke.

Zaɓi tsakanin biyun ya danganta da inda matsalar take. Idan fayil ɗin ne ya yi wa manhajar nauyi, ko kuma wanda zai gaji kujera yana buƙatar wani sashe ne kawai, rarraba saƙonni ita ce magani, kuma amfaninta yana ɗorewa. Idan kuwa hanyar ce kawai ta yi ƙunci, yanka ya fi sauri. Sau da yawa ma ba a buƙatar yankan: filashin da aka yi wa fomat zuwa tsarin exFAT ko NTFS yana karɓar fayil mai gigabait 20 lafiya lau. Sai dai fomat yana share duk abin da ke cikin filashi, don haka a kwashe kayan ciki tukuna.

Ba kowane fayil ne rumbu ba

Kafin a fara komai, ya kamata a tabbatar da irin fayil ɗin da ke hannu. Ma'aikatun da imel ɗinsu ke zaune a babbar na'urar ma'aikata ko a Microsoft 365, abin da ke kan kwamfutar ma'aikaci yawanci fayil ne mai ƙarshen suna OST. Wannan inuwa ce kawai ta abin da ke can, kuma a ɗaure take da asusun da ya haife ta. Kwafe shi a kai wata kwamfuta ba ya buɗuwa. Dole sai an fitar da saƙonnin zuwa PST ta sashen shigarwa da fitarwa na Outlook tun asusun yana raye. A nan ma akwai tarko: a saitin da ya saba zuwa da shi, Outlook yakan ajiye saƙonnin watanni 12 na baya-bayan nan ne kawai a kan kwamfuta. Wanda ya fitar ba tare da ya faɗaɗa wannan saiti ya jira komai ya sauko ba, zai tafi da shekara ɗaya yana zaton ya ɗauki goma, kuma ba zai gane ba sai bayan an rufe asusun.

Masu amfani da Gmail, waɗanda su ne akasarin 'yan kasuwa, hanyarsu daban ce. Google yana da shafin da ake kira Takeout, inda mutum zai nemi a tattara masa saƙonninsa a fayil mai tsarin MBOX, wanda manhajar Thunderbird ke iya karantawa. Ana iya zaɓar wasu rukunan saƙonni kaɗai maimakon duka, kuma damar saukewar takan ƙare bayan kimanin mako guda.

Batun kuɗi da lokaci ma abin lissafi ne. Ɗora gigabait 12 a intanet mai gudun megabit 5 a daƙiƙa yana cin fiye da sa'a biyar idan layin bai yanke ba, sannan mai karɓa ya sake kashe wasu gigabait 12 na datarsa wajen saukewa. Asusun Google na kyauta gigabait 15 ne kacal, kuma Gmail da Drive da hotuna duk a ciki suke ci. Idan ofisoshin biyu a gari ɗaya suke, faifan ajiya na waje a hannun amintaccen ma'aikaci ya fi sauri da arha. Idan dole sai ta intanet, yanka fayil yana da amfani guda: layi ya yanke, gutsure ɗaya za a sake turawa.

Saƙonnin na wane ne?

Rumbun imel na ofis ba dukiyar ma'aikaci ba ce, kuma a cikinsa akwai bayanan wasu mutane: lambobin asusun banki, takardun albashi, takardun asibiti na masu neman hutu, hotunan fasfo. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su, ta kuma tanadi a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa cikin sa'o'i 72 idan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Filashin da ya faɗi a cikin Keke Napep yana ɗauke da rumbun sashen kuɗi yana iya shiga wannan babi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati adana bayanansu da amsa buƙatar mai nema cikin kwana bakwai, abin da ke da wuya idan wasiƙun suna cikin fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa, ko sun bi tsohon ma'aikaci zuwa wata jiha.

Shi ya sa ɗora rumbun ofis a asusun Drive na kashin kai, ko jefa shi a WhatsApp, ba tare da izinin shugaban sashe da sanin jami'in kwamfuta ba, ganganci ne ko da niyyar mai kyau ce. Kalmar sirrin da Outlook ke sa wa fayil na PST kuma ba abin dogaro ba ce, domin akwai ƙananan manhajoji da ke cire ta cikin sauƙi. Wadda 7-Zip ke sawa da tsarin AES-256 ita ce kulle na gaske, muddin kalmar tana da tsawo kuma ba a rubuta ta a takarda an liƙa a jikin filashin ba. A tura fayil ta hanya ɗaya, a faɗi kalmar ta wata, kamar kiran waya.

Duk aikin nan a kan kwafi ake yin sa. A rufe Outlook, a kwafe ainihin fayil ɗin a ajiye gefe, sannan a fara yanka ko rarrabawa. Idan akwai alamar ya taɓa samun matsala, a fara bi ta kansa da ƙaramar manhajar gyara mai suna scanpst da ke zuwa tare da Outlook. Bayan ya isa inda za shi, ganin sunansa a folda ba shaida ba ce cewa ya iso lafiya. 7-Zip yana iya fitar da wata doguwar lamba da ake kira SHA-256 daga kowane fayil. Idan lambar mai turawa da ta mai karɓa suka zo ɗaya, ko ɗigo bai sauya ba a hanya. Daga nan mai karɓa ya buɗe fayil ɗin a Outlook daga kan kwamfutarsa, ba daga filashi ko foldar da ake rabawa a layin ofis ba, domin Microsoft bai amince da buɗe PST ta layi ba. Ya duba adadin saƙonnin kowace folda, ya buɗe wasu daga mafiya tsufa da abin da aka maƙala musu.

Sai an yi wannan ne za a rubuta sunayen fayilolin da girmansu da shekarun da kowane ya ƙunsa a cikin takardar miƙa aiki, ɓangarorin biyu su sa hannu, sannan jami'in kwamfuta ya rufe tsohon asusun, a kuma goge kwafin da ke cikin filashin.